Yadda Abokai Biyu Za Su Yi Doguwar Tafiya a Keke da Ƙaramin Guzuri, Daga Karkara Zuwa Biranen Gaɓar Teku

Idan abokai biyu suka ƙudura niyyar ɗaura kaya a bayan kekunansu su yi mako guda ko biyu suna ratsa ƙauyuka har su gangara biranen bakin teku, abin da suka fi damuwa da shi tun farko shi ne kuɗin sayen kayan tafiya. A ganina sun sa ido a inda ɓarnar ba ta da yawa. Keke ba ya shan mai, hanyar karkara kuma ba ta cika samun abin da za ta sayar wa matafiyi ba. Guzuri yana zurarewa ne ta kafa uku: kwanan birni, da gyaran da aka yi sakaci da shi a gida ya zo ya tsayar da mutum a tsakiyar hanya, da kuma shawarar da ake yankewa cikin yunwa da gajiya bayan an sami saɓani. Duka ukun ana iya toshe su tun ba a taka feda ba.

Maganar da za a gama kafin a tashi

Ku zauna ku biyu da takarda da alƙalami, ku fara da nisan da za ku riƙa yi a kullum. Wanda ya fi rauni a cikinku shi ne ma'auni, kuma ya kamata mai ƙarfin ya amince da haka da bakinsa tun a zaune, domin a kan hanya magana irin wannan takan yi nauyi a baki. Keke mai ɗauke da kaya, a ƙarƙashin wanda bai saba ba, yakan ci kilomita 12 zuwa 16 a awa guda idan hanya shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka awa huɗu ko biyar a kan sirdi za su ba ku kilomita 50 zuwa 70. Wannan ya wadatar. Kwana biyun farko ku yi ƙasa da haka, kuma ku ware yini guda na hutu bayan kowane kwana huɗu ko biyar, gama gwiwa da mazaunai sukan fara ƙorafi ne a rana ta uku, lokacin da ɗokin fita ya lafa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, in ji masu iya magana, kuma a wannan harka har aljihu yana cin moriyarta, tunda wanda ya gaji tiɓis ba ya neman wurin kwana mai sauƙi, duk ƙofar da ya fara gani a buɗe nan zai biya ya shiga.

Sai batun kuɗi, wanda shi ya fi ɓata abota. Ku yi asusu ɗaya wanda kowa zai zuba daidai da ɗan'uwansa, daga ciki za a riƙa biyan abin da ya haɗa ku, wato wurin kwana da abincin da za a dafa tare da kuɗin jirgin fito. Mutum ɗaya ya riƙe asusun, ɗayan ya riƙe littafin da ake rubuta abin da ya fita kowane dare. Abin da mutum ya yi sha'awa shi kaɗai, ya saya daga aljihunsa, kada ya jira a tambaye shi. Gyaran keke yana bukatar a yi masa magana ta musamman: faci da man kaca na kowa da kowa ne, amma idan tayar wani ta yage saboda ya fito da tsohuwa, wa zai biya? Kowace amsa kuka zaɓa daidai ce, matuƙar kun zaɓe ta a gida. Bayan wannan, ku kasa jimlar kuɗin a kan yawan kwanakin, ku cire kashi ɗaya cikin biyar ku ajiye don abin da ba a zata ba, sannan kowannenku ya ɓoye kuɗin motar komawa gida a wani wuri daban da jakarsa, kada ya taɓa shi ko da me ya faru.

Kafin babbar tafiyar, ku yi ta gwaji ta kwana ɗaya da duk kayan da kuke shirin ɗauka. A nan ne za ku gano jakar da ke gugar dunduniya, da tantin da ya rasa turke, da kuma halin juna idan an tashi da asuba.

Keken da kayan da zai ɗauka

Keken da kake da shi ya isa, idan jikinsa bai tsage ba, yana da wurin ɗaura kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a bayan keke, kuma yana da giya mai sauƙi ta hawan tudu. Hanyar gane giyar ita ce ka ƙirga haƙoran ƙaramin faifan kaca na gaba da na babban faifan kaca na baya. Idan na gaban bai fi na bayan yawa ba, za ka hau yawancin tuddai da kaya ba tare da ka sauka ba. Tsohon keken ƙarfe mai sauƙin gyara ya fi sabon keken tsere amfani a irin wannan tafiya, domin duk mai gyaran da ka tarar a ƙauye zai gane kansa.

Kuɗin da za ka kashe da zuciya ɗaya shi ne na taya da birki da kaca. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu, kamar 47-559 ko 37-622. Ta farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuma girman wilin da za ta hau. Ka rubuta naka ka adana, domin da su za ka sayi tiyub ko taya a garin da ba ka jin yarensu. Faɗin milimita 35 zuwa 50 ya fi dacewa da hanyar da kwalta da tsakuwa ke musanya juna. Idan hali ya yi, ku daidaita girman wilin kekunanku, ta yadda tiyub biyu za su ishe ku ku biyun. Ku kuma duba bawul, domin iri biyu ne suka fi yawa, mai kauri irin na mota da ake kira Schrader da siriri da ake kira Presta, kuma famfon da ba ya kama irin naka ba shi da bambanci da sanda. Ita kuwa kaca, ana gane ta tsufa da awo: daga wata ƙusa zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwa, wato kusan milimita 305, kuma idan tsawon ya ƙaru da milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, a canza ta kafin ta cinye haƙoran faifan baya, wanda ya fi ta tsada. Ka matsa wayoyin wili bibbiyu da yatsu ka ji ko akwai sako-sako, musamman a ƙafar baya, wadda nauyi ke kanta.

Tsayin sirdi abu ne da ba a biyan ko sisi a kansa, amma shi ne ke raba mai gama tafiya da mai komawa da ciwon gwiwa. Ka zauna ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sambal ba tare da ƙugunka ya karkata ba, tsayin ya yi. Kada ka sa sabon sirdi ana gobe tafiya.

Game da kaya, amfanin zama ku biyu a nan yake fitowa fili. Tanti ɗaya, risho ɗaya, tukunya ɗaya, famfo ɗaya, jakar kayan gyara ɗaya, sai a raba nauyin, mai ƙarfi ya ɗauki kaso mafi tsoka. A jakar gyara a sami faci da sholisho, da abin ɓanɓare taya, da sifanonin nan masu kusurwa shida lamba 4 da 5 da 6, da wayar birki guda, da gaɓar kaca ta maye gurbi, da ɗan man kaca da tsumma. Kowannenku ya yi ƙoƙari kada kayansa su wuce kilo 12 zuwa 15 ban da ruwa, kuma ya duba jikin kariyarsa, domin sau da yawa ana rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, galibi kilo 25. Mai nauyi ya zauna ƙasa kusa da tsakiyar wili, gefen dama da na hagu su yi daidai, kuma kada a goya komai mai nauyi a baya, saboda jakar goyo tana tara zufa tana kuma ƙara wa mazaunai wahala. Jakunkunan da ruwa ba ya ratsawa suna da tsada, amma jaka ta yau da kullum da aka shimfiɗa wa leda mai kauri a ciki tana yin aikin. Tufafi kala biyu na hawa da ɗaya na shiga gari sun isa. Tomas Sitibins, wanda ya fara zagaya duniya a keke, ya bar San Faransisko ta Amurka a watan Afrilun 1884 ya kai Yokohama ta Japan a Disambar 1886, a kan keken nan mai ƙatuwar ƙafar gaba, kuma tufafin da ya fita da su ba su wuce safa da riga ta canji da rigar ruwa da yake mayarwa tanti ba. Ba na cewa a kwaikwaye shi, amma duk lokacin da hannu ya kai ga abu na uku da ake cewa “ko da za a bukata”, ya kamata a tuna da shi. Abin da ba a tsimi a kansa shi ne hular kwano da fitilar gaba da ja ta baya.

Hanya da iska

Hanyar da mota za ta zaɓa ba ita ce taku ba. Ku nemi ƙananan hanyoyi masu bi ta ƙauyuka ko da za su ƙara muku kilomita goma, kuma ku sauke taswira a waya tun kuna inda akwai intanet. Manhajoji da yawa masu amfani da bayanan OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da ke intanet, suna aiki ba tare da sabis ba, suna kuma nuna hawa da gangara. A wasu ƙasashe an riga an yi muku rabin aikin. Turai tana da tsarin EuroVelo mai manyan hanyoyin keke 17, kuma ɓangaren hanya ta 1 da ya bi gaɓar Atilantika a Faransa ya haura kilomita 1,200 daga arewa maso yammacin ƙasar har iyakar Sifen. Inda babu irin wannan, mutanen wurin su ne taswira, sai dai ku tambayi mai keke ko manomi, domin direban mota yakan ce wuri kusa ne alhali tafiyar awa biyu ce a feda, kuma ba ya lura da tudun da injinsa ya hau masa.

A bakin teku iska ta fi tudu muhimmanci, domin tudu yana da ƙarshe. Ƙasa tana saurin ɗumama fiye da ruwa, saboda haka idan rana ta ɗaga, iskar da ke kan tudu takan yi zafi ta tashi sama, mai sanyi daga teku ta kwararo ta maye gurbinta. Wannan iskar takan fara da hantsi ta yi ƙarfi bayan azahar, da dare kuma lamarin ya juya, ta riƙa fita daga tudu zuwa teku a hankali. Ma'anar wannan ga mai keke ita ce, ranar da za ku gangara daga karkara zuwa gaɓa ku yi sammako ku isa kafin iskar ta tare ku, ranar da za ku bar gaɓa ku koma ciki kuwa za ku iya jinkirtawa ta tura ku daga baya. Turjiyar iska tana ƙaruwa fiye da yadda ake zato, domin idan gudun iskar da ke dukan ƙirjinka ya ninka biyu, ƙarfin turjiyarta ninki huɗu yake yi. Shi ya sa mutum biyu suke da dabarar da mutum ɗaya ba shi da ita: ɗaya ya shiga gaba ya fasa iskar, ɗayan ya bi bayansa da tazarar da za ta ba shi damar taka birki, a riƙa musanyawa bayan kowane minti biyar ko goma. Na gaban shi ne idon na baya, dole ya riƙa nuna rami da hannu yana faɗar duk lokacin da zai rage gudu.

Ban da iskar yini, kowace gaɓa tana da ɓangaren da iska ta fi zuwa daga gare shi a kowane lokaci na shekara, kuma wannan ne ya kamata ya yanke muku ta wane gefe za ku fara. Masu bin gaɓar Fasifik ta Amurka da bazararsu yawanci daga arewa suke farawa su nufi kudu, saboda iskar lokacin daga arewa maso yamma take zuwa, sannan da yake a can dama ake bi, tekun yana kasancewa a gefensu ba tare da sun tsallaka titi ba. Ku nemi irin wannan bayanin game da gaɓar da kuka zaɓa. Ku kuma sani cewa hanyar bakin teku ba lallai ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Inda gaɓar ke da duwatsu, hanya takan sauka bakin kowane rafi ta sake hawa, har jimlar hawan yini ta fi ta wani dutse guda.

Kwana a karkara, yini a birni

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi so ku riƙe a duk abin da na faɗa. Biranen bakin teku sun san masu yawon buɗe ido, kuma farashin ɗakunansu yakan hau a lokacin hutu da ƙarshen mako. Ku tsara tafiyar ta yadda za ku kwana kilomita 15 ko 20 kafin birni, ku shiga da safe, ku yini kuna kallo da sayayya, ku fita da la'asar ku kwana a ɗaya gefen. Idan birnin ya cancanci kwana, ku ba shi dare ɗaya a tsakiyar mako, a ɗaki ɗaya da kuka raba kuɗinsa, kuma ku ci moriyar daren sosai da wanki da cajin waya da shanya tanti. Akwai kuma Warmshowers, dandalin da masu keke ke karɓar baƙuncin 'yan'uwansu matafiya a gidajensu. A aika saƙo kwanaki kafin isowa, a faɗi cewa mutum biyu ne, kuma a bar gida yadda aka same shi.

Kafa tanti a fili yana bin dokar ƙasar da kuke ciki. A Sikotland, dokar 2003 ta ba jama'a damar kwana a yawancin filayen da ba a killace ba muddin sun kiyaye ƙa'ida, Suwidin da Norwe ma suna da irin wannan 'yanci, amma a ƙasashe da dama haramun ne, kuma bakin teku ya fi ko'ina tsanani. Inda fili ke da mai shi, ku nemi izini da sauran hasken rana, ɗaya ya je ya yi magana, ɗayan ya tsaya da kekuna a inda za a gan shi. Baƙon da ya zo da rana ya bayyana kansa yakan sami wuri, wanda ya ɓullo cikin duhu kuwa tsoro yake jawowa. Saboda haka ku fara neman masauki awa biyu kafin faɗuwar rana. Idan kun sami izinin kwana a kusa da ruwa, ku tuna cewa a yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu a yini, da tazarar kusan awa 12 da minti 25, kuma cikar ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da tsakiyarsa. Layin ciyayi da tarkacen da ruwa ya bari a kan yashi shi ke nuna inda ya kai. Ku kafa tanti can sama da shi sosai. Kada a kunna risho a cikin tanti ko da ana ruwan sama, domin iskar gubar da wuta ke fitarwa a rufaffen wuri ba ta da wari, kuma tana kisa.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. Ku saya a kasuwar da mazauna gari ke saye, nesa da layin shagunan da ke fuskantar teku, ku dafa na safe da na dare da kanku, ku riƙa cin ɗan wani abu kowace awa tun yunwa ba ta kama ku ba. Mafi yawan faɗan da abokan tafiya ke yi da yamma yunwa ce ke magana, don haka idan murya ta fara tashi, a tsaya a ci abinci kafin a ci gaba da zancen. Kowa ya ɗauki aƙalla lita biyu na ruwa, ya cika gora a duk inda ya samu, wanda ba a amince da shi ba kuma a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. Idan zawo ko yawan zufa ya ƙarar da ruwan jikin ɗayanku, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ya riƙa kurɓa. Wanda ya fara jiri ko ruɗewa cikin zafi, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki a nemi asibiti, tafiyar ranar ta ƙare ke nan.

Shiga birnin gaɓa da fita daga cikinsa

Kilomita goman ƙarshe kafin birni mai tashar jiragen ruwa su ne mafi haɗari a duk tafiyar, saboda manyan motocin dakon kaya. Kada ka taɓa kutsawa tsakanin babbar mota da gefen titi a mahaɗa, domin direban ba ya ganinka, kuma idan ya karya kwana ƙafafun baya suna yanko ciki. Ku bi juna a layi ɗaya, ku bar tazarar mita guda daga motocin da aka ajiye saboda ƙofar da za a iya buɗewa ba zato, ku tsallaka layin dogo a miƙe don kada taya ta faɗa cikinsa. Ku amince tun da wuri cewa idan danja ta raba ku, na gaba zai tsaya a wuri na farko da ya samu, kuma kowa ya rubuta lambar ɗan'uwansa a takarda saboda ranar da caji zai ƙare. Wajen sayayya, mutum ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya da kaya. Idan dole ku bar kekunan, ku ɗaure jikinsu da wani abu kafaffe a inda jama'a ke wucewa, ku ɗauke takardu da kuɗi da waya.

Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishiri kuwa yana gaggauta tsatsa, yashi kuma idan ya haɗu da man kaca sai ya zama kamar magogi. Kada a tura keke cikin ruwan teku ko jiƙaƙƙen yashi don ɗaukar hoto. Kowane kwana biyu a gaɓa, a goge kaca da tsumma, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓar kacar, a juya feda, sannan a sake goge na saman har ya kusa bushewa. A riƙa taɓa notocin kariya kowace safiya, domin girgizar hanya tana kwance su.

Komawa gida ita ce aka fi mantawa da ita a lissafi. Idan ba za ku dawo a kan keke ba, ku bincika tun kafin tashi ko jirgin ƙasa ko motar da za ku shiga tana ɗaukar keke, da ko sai an nemi wuri tun da wuri, da ko sai an cire ƙafar gaba ko an sa shi a kwali, domin wasu jiragen wurin keke biyu ko uku kawai gare su, ku kuma biyu ne. A daren ƙarshe ku buɗe littafin asusu ku raba abin da ya rage daidai, tun kuna tare. Da isarku gida, ku wanke kekunan da ruwan daɗi don fitar da gishiri, ku sa wa kaca mai, ku baza tantin a inuwa ya bushe sarai kafin a naɗe shi.